Murjani na mutuwa, ma'auni na cewa lafiya lau

Idan aka ce murjani, abin da ke fara zuwa wa Bahaushe a rai shi ne jan dutsen adon nan da mata ke ratayawa a wuya. Shi ma daga teku yake, ƙwarangwal ne na wata 'yar dabba da aka fi samu a Bahar Rum. To, yana da dangi a tekuna masu ɗumi, irin na gaɓar Ostareliya da Indonesiya da Bahar Maliya, waɗanda ke gina duwatsu masu rassa a ƙarƙashin ruwa. Su ne mutane da dama a Amurka da Turai da Japan ke saya da ransu, su ajiye a tankin gilashi cikin falo, su haɗa musu ruwan gishiri da fitila da famfo, suna kiwonsu kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Kiwo ne mai cin kuɗi, ga kuma karya zuciya, domin murjani ba ya kuka, ba ya ɗingishi. Kawai wayar gari za ka yi ka ga launinsa ya kwashe, ko namansa ya fara saɓulewa daga kan ƙashi.

Wannan sharhi a kan shawarar da ake ba mai tanki ne a daidai wannan lokaci na tashin hankali. Shawarar ta daɗe tana yawo a shagunan sayar da kayan kiwon da bakin masu sana'ar, kuma ga yadda take a taƙaice: gwada ruwanka, idan ka ga naitret ko fosfet to su ne ɓarayin, sayi abin da zai tsotse su har ma'auni ya nuna sifili. Naitret da fosfet ɗin nan fa ka san su, mai karatu, ko da ba ka taɓa ganin teku ba. Su ne naitrojin da fosfaras na cikin buhun takin zamani, harafin farko da na biyu na NPK. A cikin tanki daga kashin kifi da ragowar abinci suke fitowa. Ra'ayina shi ne wannan koyarwa ta "ruwa sifili" ta kashe murjani mai yawa da sunan magani, kuma ilimin da ke hannunmu yau bai goyi bayanta ba.

Amma bari in fara ba ta haƙƙinta, don ba daga sama ta faɗo ba. A da, tankunan ruwan gishiri ƙazantattu ne, gansakuka ta lulluɓe komai, murjani mai ƙashi kuwa da wuya ya yi wata shida. Masu kiwo a Jamus ne suka buɗe hanya a shekarun 1970 da 1980, da rubuce-rubucen Peter Wilkens da tsarin da aka laƙaba wa sunan birnin Berlin: duwatsu masu rai daga teku, fitila mai ƙarfi, da wata na'ura mai tada kumfa da ke kwashe datti kafin ya ruɓe. A tankin wani mutumin Berlin, Dietrich Stüber, murjani mai rassa na jinsin Acropora ya rayu har ya yaɗu zuwa tankunan wasu, abin da a lokacin ake ganin kamar ba zai yiwu ba. Darasin da aka ɗauka shi ne tsabta ce sirrin. Kuma gaskiya ne idan ka ɗebi ruwa a inda murjani ke zaune a teku ka auna, taki kaɗan ne ƙwarai a ciki. Gaskiya ne kuma fosfet mai yawa na ba gansakuka damar danne murjani. Matsalar ta faro ne daga inda aka ɗauki "kaɗan ya fi" aka mayar da shi "babu ya fi kaɗan".

Don ka ga ɓarakar, sai ka san yadda dabbar ke cin abinci. Murjani tarin ƙananan dabbobi ne masu baki da 'yan hannaye, zaune a kan ƙwarangwal ɗin da suka gina. A cikin namansu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, wadda masana ke kira zuzanteli. Ita ke kama haske ta sarrafa sukari ta miƙa wa mai masaukinta, daga nan ne kuma mafi yawan ƙarfinsa ke fitowa. Shi kuma ya ba ta wurin zama da taki. Wato manomi ne da gonarsa a cikin jikinsa. Yanzu ka tambayi kanka: wace gona ce ke yin kyau don an hana ta taki gaba ɗaya?

Mai koyarwar sifili zai ce ai a teku ma babu takin, kuma murjani na bunƙasa. Wannan ɗaurin kan tsoho ne, har ana danganta shi da Darwin, wanda ya wallafa littafi a kan duwatsun murjani a 1842: ya aka yi wuri mai cike da rai haka ya tsaya a ruwan da ya yi kama da hamada? Amsar ita ce an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato yawan abin da ke cikin ruwa a lokacin da ka auna, da yawan abin da ke wucewa ta wurin a wuni. Rafin da zurfinsa bai wuce idon sawu ba, ruwan da yake kawowa a rana ya ninka na randa cike sau dubbai. Haka teku take. Igiyar ruwa ba ta tsayawa, dare ya yi ƙananan halittu su taso murjani ya miƙa hannaye ya kama, kifaye su yi kashi a kansa. A 1983 Judy Meyer da abokan aikinta sun wallafa a mujallar Science abin da suka gani a tsibirin St. Croix na yankin Karibiyan: garken ƙananan kifaye kan je kiwo cikin ciyawar teku da dare, da rana su dawo su huta a kan murjani suna zuba masa taki. Ma'auni zai nuna maka kusan sifili a can saboda ana cinye abin da zarar ya iso. A tankin falo da aka rage wa kifi abinci aka kuma cika da sinadaran tsotsa, sifili na nufin babu, ƙwal.

An gwada wannan a ɗakin bincike. Ƙungiyar Jörg Wiedenmann da Cecilia D'Angelo a Jami'ar Southampton ta Ingila ta nuna, a wani aiki da ya fito a mujallar Nature Climate Change a 2013, cewa abin da ya fi cutar da murjani shi ne rashin daidaito: naitrojin da yawa, fosfet babu. A irin wannan hali gansakukar cikin jiki na ƙoƙarin hayayyafa amma fosfaras ya yanke mata, sai ta koma gina sassan ƙwayarta da wani nau'in kitse na daban mai ɗauke da farar wuta. Da wannan sauyi sai ta rasa juriya, zafi ko hasken da da za ta iya ɗauka yanzu ya fi ƙarfinta, murjani ya yi fari. Ka lura da wannan da kyau, domin shi ne ainihin yanayin da mai tanki ke haɗawa da hannunsa idan ya zuba garin tsatsar ƙarfen nan mai tsotse fosfet ya bar naitret a sama. Bayan shekara goma, a 2023, ƙungiyar ta sake fitar da wani aiki a mujallar Nature. Sun ajiye murjani sama da wata shida ba tare da ba shi abincin kamawa ba. Wanda ke cikin ruwa mai ɗan naitret da fosfet ya ci gaba da girma, kuma suka gano dalili: gansakukar na shan takin ta yawaita, shi kuma yana narkar da rarar ya ci. Wanda ke cikin ruwan da aka tsotse kuwa girmansa ya tsaya, ya yi ta cin gonarsa har ya koɗe.

A nan ne zan faɗi abin da wasu masu kiwon ba za su so ji ba. Launin nan mai haske-haske, shuɗi da ruwan hoda da ake ɗora hotonsa ana yabawa, sau da yawa alamar yunwa ce. Zuzanteli launin ƙasa-ƙasa gare ta. Idan ta yi yawa takan rufe launukan da dabbar kanta ke yi, murjani ya zama ruwan ƙasa, mai tanki ya ce ya lalace, alhali dabbar ta ƙoshi ne. Idan aka rage ta, launukan su bayyana tar. Akwai tsare-tsaren kiwo da aka gina kacokan a kan wannan, a riƙe murjani a bakin gaɓar yunwa don ido ya ji daɗi. Gwani mai auna ruwa kullum yana ciyarwa da lissafi zai iya tsayawa a wannan gaɓa shekaru. Sabon shiga da ya kwaikwayi lambar bai kwaikwayi ciyarwar ba, wuta ta ɗauke na wuni ɗaya ko zafi ya ɗan hau, shi ke nan. Ko a teku an ga makamancin haka. Wani aiki na 2020 daga Southampton ɗin ya bayyana yadda murjanin da ya rasa gansakukarsa kan yi wani launi mai ƙyalli kamar an kunna masa fitila, launin kuma kariya ce daga hasken da ke yawo a cikin namansa.

Sai kuma abin da kan biyo bayan sifili. Masu kiwo da yawa sun shaida cewa da zarar naitret da fosfet sun ƙare ƙaf, sai wata yauƙi mai ruwan ƙasa da 'yan kumfa ta mamaye yashi da duwatsu. Wasu halittu ne masu ƙwaya ɗaya da ake kira dainofilajelet, irin su Ostreopsis, wasunsu da guba mai kashe dodon koɗi. Gudun gara an tadda zago ke nan. Abin dariyar ma, zuzantelin da ke cikin murjanin 'yar wannan dangi ce.

Aibi na biyu na shawarar shi ne imanin da ta yi da ma'auni. Lambar da aka fi ambata a matsayin burin fosfet ita ce miligiram 0.03 a kowace lita. To, yawancin kayan gwajin gida, ko na ɗiga ruwa a kwatanta launi ko na 'yar na'ura mai batir, kuskuren da suke iya yi ya kusa kai girman wannan lamba. Wanda ya ga 0.05 yau ya ga 0.02 gobe ya tashi ya canza wani abu, wataƙila hayaniyar na'ura ya bi. Ga kuma tankin da gansakuka ta cika shi amma gwaji na cewa sifili. Fosfet ɗin na nan, gansakukar ce ke shanye shi kafin ya kai ga kwalbar gwajinka. Yanzu kuma an shigo da aika ruwa ɗakin gwaji na zamani, a dawo maka da takarda mai sunayen sinadarai talatin da wani abu, wasu da jan layi. Wannan gwaji na da amfani na gaske wurin kamo guba irin su jan ƙarfe ko tutiya daga wani famfo da ya yi tsatsa. Amma yadda aka fi amfani da shi, kowane jan layi sai ya zama kwalbar da za a saya, alhali da yawa daga waɗannan sinadarai yawansu a ruwan teku ya yi ƙanƙantar da na'urar kanta da ƙyar take ganinsu.

Ma'aunin da ya fi kowane muhimmanci kuwa, wato na gishiri, shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo. Na'urar hangen nan da ake ɗiga wa ruwa a leƙa, da yawa an ƙera su ne don ruwan gishirin girki, kuma idan ka saita ta da ruwa zalla tana iya kauce maka da giram ɗaya ko fiye. Idan gishiri ya yi ƙasa, kalsiyam da maganiziyam da sauran duk za su nuna ƙasa tare. Sai ka ga mutum ya sayi kwalba uku yana gyara abu uku, alhali ciwon ɗaya ne, maganinsa kuma ruwan saiti mai gishiri 35 da bai kai kuɗin kwalba ɗaya ba.

Aibi na uku, wanda a ganina ya fi sauran kisa, shi ne gaggawa. Murjani na amsawa a makare. Abin da ka gani yau sau da yawa sakamakon abin da ya faru ne sati ɗaya ko biyu da suka wuce, kuma mai yiwuwa ma ya riga ya wuce. Mai tanki ya firgita, cikin kwana uku ya canza rabin ruwa, ya rage fitila, ya zuba maganin fosfet, ya ƙara wasu sinadarai biyu. Idan murjanin ya farfaɗo bai san wanne ya yi aiki ba, idan ya mutu bai san wanne ya ƙarasa shi ba. Kowane ɗalibin kimiyya ya san ba a juya abubuwa biyar lokaci guda a gwaji ɗaya.

Bari mu ɗauki alkalinti a matsayin misali, don a nan lissafin ke da daɗi. Alkalinti shi ne yawan kabonet da baikabonet a ruwa, irin sinadaran da ke cikin kanwa da bekin soda. Kanwar kasuwa dai ba ta shiga tanki, datti da wasu gishirai sun yi mata yawa, amma asalin sinadarin ɗaya ne. Murjani na haɗa wannan da kalsiyam ya gina ƙashinsa. A ruwan teku kalsiyam ya kai wajen miligiram 420 a lita, alkalinti kuwa kusan 7 a ma'aunin da ake kira dKH. Duk sanda gini ya cinye dKH 1, kalsiyam ɗin da ya tafi tare da shi kimanin miligiram 7 ne kacal. Ka gani? Alkalinti ya zube da kashi ɗaya cikin bakwai, kalsiyam bai ma rasa kashi biyu cikin ɗari ba. Shi ya sa alkalinti ne ke lilo a tanki, shi ne kuma ya cancanci a auna a kai a kai.

Ga inda ake tafka kuskuren. Ka ce murjani ya ji ciwo saboda wani dalili, ya daina gini. Ya daina gini, ya daina shan alkalinti. Amma ɗan famfon da ke ɗiga sinadarin kullum bai san haka ba, yana ta ɗigawa. Bayan kwanaki mai tanki ya auna ya ga alkalinti ya haura 11, ya ce na kama ɓarawo. Ai wannan sawun ɓarawo ne, ɓarawon ya wuce tuni. Idan ya yi maza ya dawo da lambar ƙasa cikin wuni ɗaya, ya ƙara wa majinyaci duka na biyu. Masu kiwo sun daɗe da lura kuma cewa alkalinti mai yawa a ruwan da babu taki shi ke kawo farin nan na kan rassa, kamar an ƙona su, bayanin da aka fi bayarwa kuwa shi ne ƙashi na tsiro da saurin da nama mai yunwa ba zai iya rufe shi ba. Tanki mai dKH 7.5 da ke zaune daram ya fi wanda ke tsalle tsakanin 8 da 10 don neman lambar da aka ce ita ce daidai.

Abin da ke ba ni mamaki a irin wannan shawara shi ne yadda ba kasafai ake cewa mutum ya kalli dabbar ba. Alhali ita ce ke ɗauke da shaidar. Fari iri biyu ne: idan ka duba da kyau ka ga nama na nan garai-garai da 'yan hannayensa, gansakuka ce ta tafi, kuma yana iya dawowa. Idan ƙashi ne tsirara, wannan wuri ya mutu. Farin da ya kama saman da ke fuskantar fitila kawai, ka tuhumi haske, musamman idan an sa sabuwar fitila kwanan nan. Wanda ya faro daga gindi ko cikin rassa, ka duba ko ruwa na kaiwa can, domin murjani ba shi da huhu, motsin ruwa ne ke kawo masa iska ya kwashe masa datti, kuma reshen da ya girma kan tare wa kansa ruwan. Gefe ɗaya kawai ya ci? Dubi maƙwabcinsa da dare da tocila. Jinsin Galaxea na fitar da dogayen hannaye masu harbi bayan an kashe fitila, masu laushin nan kamar fata kuma na sakin sinadarai a ruwa. Tabo-tabo masu kewaye a jikin Acropora kuwa cizon wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa ce mai saje da launinsa, kan bar ƙwai a gindi. Babu gwajin ruwan da zai nuna maka ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Zafi ma haka. Ana riƙe tanki tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. A teku, ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin watan da ya fi zafi, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya sa murjani fari, abin da ya sa hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da farin murjani na duniya karo na huɗu a watan Afrilun 2024. Mai auna zafi da safe kawai ba zai san abin da tankinsa ke sha da azahar ba.

Me ya sa koyarwar ta ƙi mutuwa? Wani ɓangare dai lamba na kwantar da hankali, tana ba mutum abin yi. Ɗaya ɓangaren kuma kasuwa ce. Ana iya sayar da garin tsotsa da kwalbar ƙari, amma "dakata sati biyu ka rubuta abin da ka gani" ba ya shiga leda. Kuma duk murjanin da ya mutu, sabo ake sayowa. Murjani masu ƙashi na cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wato sai da takardar izini ake ƙetare iyaka da su, kuma Indonesiya ta taɓa dakatar da fitar da su daga 2018 zuwa farkon 2020. Yanzu da yawa nomawa ake yi, amma har yau akwai waɗanda daga teku ake ciro su.

Gaggawar na iya taɓa lafiyar mutum ma. Wanda ya gaji ya yanke shawarar fitar da duwatsu ya wanke ya sani cewa wasu halittu masu kama da fure na jinsin Palythoa na ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani. An kwantar da mutane a asibiti bayan sun zuba wa irin duwatsun tafasasshen ruwa sun shaƙi tururin, kuma hukumar CDC ta Amurka ta fitar da rahoto a 2015 kan waɗanda suka kamu a gidaje da shaguna a jihar Alaska.

Akwai lokacin da saurin ya zama dole, kada a ce na hana. Na'urar ɗumama ruwa ta maƙale tana ta dafa tanki, ko jan ƙarfe ya shiga, ko wani abu ya mutu yana ruɓewa, ko naman Acropora na zubewa ana kallo cikin sa'o'i: nan ba a jira. A canza ruwa, a sa gawayin tacewa, a yanke rassa masu lafiya nesa da inda ciwon ya kai a ajiye su daban. Waɗannan kuwa ana gane su ne da ido da hannu kafin kowane gwaji.

Wanda ya riga ya kai tankinsa sifili, murjani ya koɗe, mafita a hankali take. Ya cire rabin garin tsotsar, ya ɗan ƙara wa kifi abinci, ya bar fitila yadda take ko ya sassauta ta kaɗan. Kada ya yi mamaki idan kwanaki suka shuɗe ma'auni na ci gaba da cewa sifili, domin duwatsu da yashin tankin na kama fosfet a jikinsu, sai sun sha nasu kafin ya fara zama a ruwa. Alamar farko ta sauƙi takan zo bayan makonni, kuma ba mai kyan gani ba ce: murjanin zai fara komawa ruwan ƙasa, alkalintin da ya tsaya cak ya fara sauka kuma.